Matakalar Katako ta Kawu Wucin-gadi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, kafinta ne, kuma duk wanda ya yi karatu a tsohuwar makarantar sakandaren garinmu da sunan Wucin-gadi ya san shi.

Asalin makarantar gini ne na dutse mai hawa ɗaya: ajujuwa a jere, doguwar baranda mai ginshiƙai, bango mai kauri da ke riƙe sanyi ko da rana tana dukan rufin kwano. Da ɗalibai suka yi yawa sai aka yaye kwanon, aka ɗora bene na bulo. Kawu yana saurayi a lokacin, an ɗauke shi aikin tagogi da ƙofofi.

An gama bene, hutu ya kusa ƙarewa, amma ba a zuba matakalar siminti ba, domin damina ta hana motar kaya shigowa. Shugaban makarantar ya kira Kawu ya roƙe shi ya haɗa ta katako daga waje, ya ce ta wucin gadi ce, zango ɗaya kawai. Kawu ya ɗauko zarto da guduma ya haɗa ta, har da mariƙin hannu da ya goge ya yi sumul. Zango ya wuce, shekara ta wuce, aka sauya shugaba, aka manta da batun siminti. Kullum aka tambaye shi sai ya ce ai ta wucin gadi ce, har sunan ya bi shi.

Matakalar tana da ƙara. Malamin lissafi mai jiki ne, tun daga ƙasa take sanar da zuwansa, kafin ya iso, ajin ya yi tsit. Ya kai ƙara wurin Kawu, Kawu ya ƙara ƙusa, kukan ya koma na daban.

A nan ma ya samu mata. Wata sabuwar malamar ɗinki da aka ba aji a sama ta tsaya a ƙasa ta ce ba za ta hau wannan tarkacen ba sai wanda ya yi shi ya hau gabanta. Ya hau, ya yi tsalle a tsakiya don ta gani. Ta ce, "To gobe ma ka zo, ban gama yarda ba." Ya yi ta zuwa har aka ɗaura aure.

Makarantar ta ci gaba da sauya kama. Tagogin katako suka koma gilashi, aka toshe rabin barandar aka yi ɗakin gwaje-gwaje, aka ja sabon gini ta baya. Kawu dai yana nan, yana sauya katakon da gara ta ci, har furfura ta rufe masa kai.

Da aka zo babban gyara aka zuba matakalar siminti a cikin ginin, tsofaffin ɗalibai suka taso suka ce kada a taɓa ta katako, tarihi ce. Aka nemi ra'ayin Kawu. Ya yi dariya ya ce, "Ku sauke ta, 'ya'yana. Ni da na yi ta, yanzu da bismillah nake hawa."

Shi ya kwance ta da hannunsa. Katakon da ke da sauran ƙwari ya yi benci da shi, aka jera a baranda. Yanzu yana gida yana yi wa jikoki kujeru 'yan tsuguno, Inna malamar ɗinki kuma tana mitar ya cika mata tsakar gida da garin katako.