Gurbin Kore a Faifan Kaka

Jiya jikata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da tutar takarda, sai marigayiya Kaka ta faɗo mini a rai. A Korgom, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, soja suka karɓi mulki, ta shirya mana tutar Nijar bisa faifai: jan yashi a sama, farar toka a tsakiya, ɓarin goro ya zama rana. Saura kore, amma awaki ba su bar ko ganye ɗaya ba.

Na ce, "Kaka, mu sa kara?"

Ta yi dariya. "Kul! Kore cin rani ya tafi. Ku bar masa wurinsa."

Da damina ta sauka, muka cike gurbin da ɗanyar tafasa mai ƙamshi.

Allah ya jiƙanki, Kaka, ya sa kore kika tarar a can.