Saƙon Ƙofar Marusa

Shekarar da aka sake buɗe bodar Jibiya bayan ta daɗe a rufe, ita ce shekarar da na kwaso iyalina daga Kwatano muka dawo Katsina. Lokacin ban iya boko ba. Sai bayan dawowarmu na shiga ajin manya a nan Ƙofar Guga, shi ya sa yau nake iya zama in rubuta wannan da hannuna.

Shekara bakwai na yi a can ina ɗinki. Ɗaki ɗaya muke haya a zango, unguwar Hausawan garin, ni da maiɗakina da yara biyu, duk a can aka haife su: mace mai shekara biyar, da namiji da bai cika biyu ba. Gari ne na bakin teku. Ka shanya riga yini guda ka ɗauke ta da danshi, gishiri ya narke a kwano, almakashi ya yi tsatsa in ka manta ba ka shafa masa mai ba. Yarinyar ta tashi tana gauraya Hausa da Faransanci da yaren maƙwabta. Wani lokaci ta faɗa mini magana a bakin tabarma muna cin tuwo, in tsaya ina kallon uwarta, ita ma tana kallona. Wannan na cikin abin da ya sa na ce mu koma gida, kada wata rana ta je gaida kakarta a nemo tafinta.

Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa duk ta hannun matafiya suke zo mana. Haka zaman zango yake. Wanda zai je gida ba ya ɓoyewa, in an kawo masa saƙo ba ya cewa a'a, ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya buɗewa. Wanda ya karya wannan, labarinsa kan riga shi isa gida.

Saura kwana uku mu tashi, wani mutum ya zo mini shago. Farar shadda, turare, waya biyu a hannu. Ban taɓa ganinsa a masallacin zango ba, ko wurin suna, ko jana'iza. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki da iyali da gajiyar shiri. Ya ce shi ɗan Ƙofar Marusa ne, ya ji zan tafi, yana da ɗan saƙo zuwa ga tsohuwarsa. Katsinancinsa ne ya fara damuna. Mu da muka daɗe a waje bakinmu ya ɗan gauraya, shi kuwa nasa tsaf, kamar miyar da aka cika wa gishiri don kada a ce babu. Na tambaye shi wani wanzami da na sani a unguwar. Bai ko yi jim ba ya ce Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ban ji labarin rasuwarsa ba. Na nemi lambar wayar tsohuwar, ya ce ba ta riƙe waya, ya kwatanta mini gidan da baki: bayan ɗan masallaci, zaure mai darbejiya a ƙofa.

Washegari ya kawo jakar da kansa. Gana-mas-go ce babba, mai ja da shuɗi, irin namu guda biyu sak, an ɗinke bakinta da zaren buhu. Ni ma haka na ɗinke namu, don zif ɗin irin jakar nan ba ya kai garin Farakku bai fashe ba. Da ya tafi na ɗaga ta, na ji nauyi. Na lallatsa, na ji abubuwa masu kusurwa kamar ƙananan kwalaye. Na girgiza, wani abu ya yi ɗan kaca-kaca a ciki. A kwanakin nan hirar da ake yi a zango ke nan, ta masu cusa ƙwaya cikin kayan bayin Allah, in an kama ɗan aike ya sha ɗauri, mai kaya ya kashe waya.

Na faɗa wa maiɗakina. Tana naɗe kayan yara ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mi kake tsoro, Malam? Shekara bakwai muna shan miyar kuka, an taɓa buɗe mana ƙulli?"

"Kuka ba ta ƙara in an girgiza ta."

"To maida mashi."

"Ina zan same shi?"

Ta ci gaba da naɗe kayanta. Ni ma sai lokacin na lura ban san inda yake kwana ba.

Na yi abin da tela ya iya. Na yanko ƙyalle, na ɗaura ja a hannun jakunkunanmu biyu, na ɗaura baƙi a hannun ta saƙo. A tasha kwandasta ya zana rubutu da alƙalami mai kauri a jikin kowace jaka, amma ni a lokacin duk rubutu ɗaya ne, ƙyallena na dogara da shi.

Tafiya da ƙananan yara sai wanda ya yi. Yaron ya yi amai tun ba mu bar gari ba, ya jiƙa mini cinya sau biyu. Yarinyar tana tambayar ko mun iso Katsina duk garin da ta ga rumfa. Tana rungume da 'yartsanarta ta totuwar masara, ta ce ita ma za ta ga kaka. Ni kuwa hankalina na ƙarƙashin mota, wurin kaya. Duk inda direba ya rage gudu sai in leƙa ta taga in ga ko masu bincike ne. Abin da nake gani a raina shi ne an tafi da ni, an bar mace da goyo da 'yar shekara biyar a bakin titi, a ƙasar da ba su san kowa ba.

A Gaya, garin boda, bayan mun haye gada, aka sauke kaya aka canza mana mota. Mun yi wajen awa uku a rana muna jira. Na bar su zaune kan jakunkuna na je na yi alwala na haɗa azahar da la'asar.

Tsakanin Doso da Konni aka tsayar da mu a wani shinge. Tun kafin mu sauka na hango wani mutum zaune a ƙasa, hannunsa a baya, an zazzage buhunsa a gabansa. Aka sauke kayanmu duka aka jera, aka ce kowa ya ɗauki nasa ya tsaya a bayansa. Na je na jawo masu jan ƙyalle biyu. Mai baƙin ƙyalle na bar ta inda take, ban ko kalle ta ba.

Kowa ya ɗauki nasa, ta rage ita kaɗai a tsakiyar fili. Wani jami'i ya nuna ta da sanda ya tambaya da Hausarsu ta can, ta wa ce. Ba wanda ya amsa. Ya sake tambaya. Maiɗakina ta zuba mini ido, na sunkuyar da kai. Sai yarinyar ta ja mini riga.

"Baba, waccan tamu ce."

Na sa tafin hannu na rufe mata baki, na matse ta a jikina har ta fara kuka. Jami'in ya tambaya karo na uku, sannan ya sa aka ja jakar gefe. Da ya zo kanmu ya farke ɗaya daga cikin biyun, ya ga zannuwan gado da rigunana da gidan sauro. Daidai nan yaron ya sake kelaya amai kusa da takalminsa. Ya ja baya, ya yi mana hannu mu wuce, bai taɓa ɗayar ba.

Daga nan muka wuce Maraɗi, muka wuce Jibiya. Ina ta shirya abin da zan faɗa in mai shadda ya nemo ni. Wani sashe na zuciyata yana cewa na tsira da 'ya'yana, wani yana cewa na ci amanar tsohuwa a kan zato.

Da muka iso gida aka yi murna, aka ci abinci, 'yan'uwa suka watse. Na ɗauko reza na durƙusa zan farke jaka ta biyu. Sai na tsaya. Ɗinkin da ke bakinta ba nawa ba ne. Ni ina komawa baya a kowane taku in ƙulle, wannan kuwa an bi shi ne kai tsaye, taku manya-manya, aikin wanda bai taɓa zama a shago ba. Na girgiza ta, ta yi kaca-kaca.

Maiɗakina ta zauna a bakin gado ta faɗa mini. A Gaya, da na tafi salla, yarinyar ta kwance ƙyallayen duka uku ta goya 'yartsanarta da su. Uwar ta ƙwace ta maida su, ta ɗaɗɗaga jakunkunan ta ɗaura baƙin a wadda ta fi nauyi, don ta ji na ce ta saƙon nauyi gare ta. Wadda ta fi nauyi kuwa ita ce mai tukwanenta. Ba ta faɗa mini ba don kada in yi wa yarinyar faɗa a gaban mutane. Ban yi wa kowa faɗa ba. Wa zan yi wa?

Maiɗakina ta ce tunda abin ya kai haka, mu farke mu ga abin da muka yi asara dominsa. Na ce a'a. Na ci amanar jakar nan sau ɗaya a bakin titi, ba zan ƙara a cikin ɗakina ba.

Da safe na ɗora ta a Keke Napep zuwa Ƙofar Marusa. Masallacin yana nan, darbejiyar tana nan. Na tambayi wani mai shayi labarin wanzami, ya ce ai ya rasu tun bara da azumi. Na yi sallama aka shigar da ni wurin wata tsohuwa mai ciwon ido. Na ce saƙo ne daga ɗanta na Kwatano. Ta ce wanne. Na kwatanta shi. Ta ce to, ɗan ƙanwarta ne ke nan, Allah ya yi albarka. Ba ta tambayi lafiyarsa ba, ba ta tambayi ko ya yi aure ba. Ta sa wata mata ta ja jakar zuwa ƙuryar ɗaki, aka saki labule. Ba a buɗe saƙo gaban ɗan aike, na sani, amma na ɗan ƙara zama ina jan gaisuwa ko zan ji ƙarar wani abu. Ta ba ni goro biyu. Har yau ban san abin da na ɗauko ba, mai shadda kuma bai taɓa nemana ba ko don godiya.

Na aika ta hannun direbobin Maraɗi sau biyu a tambayar mini jakarmu a shingen, aka ce masu aikin wurin an canza su. Da za a sa yarinyar makaranta sai da na yi wata guda ina zirga-zirga kafin a yi mata wata takardar haihuwa.

Abin da ke cikin jakar da na ƙi amsawa: tukwane uku da murafensu, takardun haihuwar yara biyu da katunansu na rigakafi, waɗanda uwarsu ta sa cikin babbar tukunya don kada su jiƙe, kayan sallarsu kala biyu-biyu da na ɗinka da hannuna, atamfa huɗu na tsaraba, hoton sunan yaron guda ɗaya tak da muke da shi, da almakashi biyu, ɗaya na maigidana ne da ya koya mini ɗinki.