Furen da ke wuyan damin Baba Ajimi

Baba Ajimi mai yankan ciyawa ne, kuma tun ina amarya a Gwange a hannunsa nake sayen abincin ragunana. Gajere ne, ƙafa duk faso, ga surutu kamar rediyon da aka manta a kunne. Da hantsi zai shigo unguwa yana tura keke, dammunan ciyawa sun rufe shi ruf, sai dai ka ji muryarsa. Kowane dami yakan soka masa reshen shashatau a wuyan ɗauri. Wani haki ne mai ɗan fure rawaya, ba ya fitowa sai inda ƙasa ke jiƙe. Tallarsa ke nan. Furen nan da an tsinke shi ba ya jimawa yake zubewa, don haka in ka gan shi a buɗe ka san ciyawar ta yau ce, ba ta jiya da aka yayyafa wa ruwa ba. Haka ubansa ke yi a bakin kogin Ngadda, kuma kowa a unguwa ya san da haka.

Sai masifar 'yan ta'adda ta sauka a garin nan. Aka sassabe bakin kogi don kada wani ya ɓuya a ciki, aka haƙa rami aka kewaye gari. Masu ciyawa da yawa suka koma dako da tura ruwa. Shi kuwa Baba Ajimi ban da lauje bai iya komai ba. Ya riƙa fita ta shingen binciken jami'an tsaro, ya nuna katin shaida, a zazzage masa buhu, ya nausa fadamar hanyar Alau inda maharba ma ke shakkar zuwa. Matarsa Ya Kellu ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce mata yunwa ma tana kisa, kuma ita ba ta tambayar kati.

A shekarun nan tsoro ya mai da mutane wawaye, wasu kuma da ma can wawaye ne. Akwai maƙwabcinmu Hamisu, shi ma mai kiwon raguna, bakinsa ya fi garkensa girma. Shi ya fara tambaya a majalisa wai ta yaya tsoho zai shiga daji kullum ya dawo ko ƙwarzane babu. Daga nan ya ce furen nan alama ce, saƙon mutanen daji ne ga 'yan uwansu na cikin gari, in ɗaya ne da ma'anarsa, in biyu ne da ma'anarsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana duba furen nan kafin ya taya dami! Abin da har yau yake tafasa min zuciya shi ne, duk dattawan da ke zaune a wurin babu wanda ya ce masa ya rufe baki. Na fita da mayafina na wanke su tas, suka ce maganar mace ce.

Wata Laraba da rana jami'an tsaro suka zo da mota suka tafi da Baba Ajimi, kekensa na yashe a ƙofar gidana. Damina ta wuce, rani ya shigo, sannan aka sako shi. An bincika ba a same shi da komai ba. Ya dawo a rame, kunne ɗaya ba ya ji, surutun nan duk ya tafi.

Na zaci za su ji kunya. Ina! Sai cewa suka yi wanda aka taɓa kamawa ai ba a rasa dalili ba. Ya koma fadama, ya shigo da ciyawa, ba mai taya ta sai ni, kuma raguna nawa gare ni? Ya shiga masallaci sahu ya yi masa faɗi. Ya yi sallama a amsa a ciki-ciki. Ciyawa ta riƙa bushewa a tsakar gidansa, Ya Kellu na dafa ruwa da kanwa don yara su ga hayaƙi.

Thomas ne ya fitar da su, wani tsohon abokin yankansa ɗan Askira da ke da rumfa a kasuwar Gamboru. Ya ce ya riƙa kai masa ciyawar ta bayan gari, shi Thomas zai sayar a matsayin tasa. Ran nan na shiga gidan na tarar da Baba Ajimi a durƙushe, ya baza ciyawa yana tsince shashatau ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a murhu.

Na ce, “Baba, har abin ya kai haka?”

Ya juyo min da kunnen da ke ji, na maimaita. Ya ce, “'Yata, in suka gane tawa ce, yaran nan ba za su ci tuwo ba.”

Da Babbar Salla ta matso, Hamisu ya tare ni a hanya da dami a ka, ya taho da shi tun daga Gamboru yana zufa. Wai shawara zai ba ni. Ya ce in daina ɓata kuɗina wurin tsohon nan, in je rumfar Thomas, ciyawar mutumin kirki ko a jikin rago ana ganin albarkarta.