Ramin Masai a Bayan Ajinmu

Shekarun baya, ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta wajen Durba. Lokacin ina da ɗanyen kai, ina ganin duk abin da na karanto a kwaleji sai na gwada shi.

Akwai wani ɗalibina a aji biyar, dogo, ba ya magana, ɗan mai haƙar rijiya. Turanci ya hana shi sakat. Ya riga ya maimaita aji sau ɗaya, kuma mahaifinsa ya zo har makaranta ya ce in ya sake faɗuwa, to boko ya ƙare.

A zangon ƙarshe aka haƙa ramin masai a bayan ajinmu, zurfinsa wajen gaba biyu. Na leƙa na ga ƙasar hawa-hawa kamar zanen littafi. Nan take na ce rabin makin jarrabawata a ramin nan za a ci shi: kowa ya sauka da tsani, ya taɓa, ya faɗi abin da ya gani.

Masu haddace littafi suka yi ta kame-kame. Da aka zo kan ɗan mai haƙar rijiyar nan, ya murje kowane hawa da yatsu, ya ce wannan baƙar ƙasar noma ce, wannan ja, wannan marmara. Da ya kai ƙasa sai ya damƙo yashi ya shinshina, ya ɗago kai.

"Malam, a nan za a yi masan?"

Na ce e.

"Wallahi kada a yi. Yashin nan da danshi, hanyar ruwa ce. Kuma gangaren wajen rijiyar makarantarmu ya nufa. Damina ɗaya za a fara shan ƙazanta."

Ni da takardar shaidata, sau uku ina shiga ramin ban lura ba. Na ba shi maki cikakke.

Da na kai sakamako, malamin da ke haɗa jarrabawa ya turo mini takardar. "Malam, ina gurbin rami a fom ɗin nan? Abin da yaro ya rubuta shi muka sani."

Na yi ɗan gunaguni, na karɓa, na goge makin ramin. Ina sabon ma'aikaci, ba na son a ce na cika iyayi. Da makin rubutu kaɗai, labarin ƙasa ya shiga cikin darussan da ya faɗi, kuma shi ne ya cika adadin da ke sa a maimaita.

Maganar ramin kuwa na kai wa shugaban makaranta. Aka kira masu haƙa suka duba, aka cike shi, aka koma can gefen gona. A taron malamai shugaba ya yaba mini, ya ce irin ilimin da ake so ke nan. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, ban ce ba ni ba ne. Da aka dawo hutu kujerar yaron babu kowa.

Na sake ganinsa bayan shekaru masu yawa a kasuwar Kibiya, da igiya a kafaɗa, gemunsa har ya fara furfura. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na fara jan magana don in ba shi haƙuri, sai ya riga ni.

"Malam, babban ɗana ya shiga aji ɗaya a wajenku. Irina ne, biro ba ya yi masa. Don Allah a riƙa duba abin da ya iya."

Na ce in sha Allahu. Ban iya gaya masa na bar koyarwa tuntuni ba.

Har yau abin yana ci mini rai. Ban yi kuskure a jarrabawar ba, na auna shi daidai, na san abin da ya sani. Tsayawa a kan makin ne na kasa, kuma da hannuna na goge shi.