Tsoho Onelio da 'Yar Rashar Nereida

Kafin mai burodi ya zo wucewa da usur ɗinsa, Onelio Bermúdez ya riga ya buɗe ƙyauren tsakar gidansa, ya ɗora kofi a wuta, ya ɗauki tsumma. Duk wanda ya zauna a layinmu nan Manzanillo ya san abin da ke biye. Zai bi kayansa ɗaya bayan ɗaya yana gogewa yana yi musu magana kamar masu ji. Ga duwatsun guga na gawayi a jere kan katanga. Ga katakan cuɗa wanki da hannun mata ya cinye musu tsakiya. Ga wani abin matse kaya mai mariƙi, tun na kafin a haife mu, wanda in ka yi sake zai haɗa da yatsanka. Sannan uwa uba 'yan Rasha, fararen injinan wankin nan masu baki biyu na zamanin iyayenmu. Sun cika tsakar gidan har kaji ba sa samun hanya.

Shekara da shekaru mutumin nan yana gyara mana su. Yanzu ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ya ce ƙarshen watan nan zai ajiye sukudireba. Shi ya sa na ce ba zan bari ya tafi hutu shiru ba sai na rubuta labarinsa, ko da zai zage ni, kuma na san zai zage ni.

Onelio ba shi da daɗin baki, wannan ba a ɓoye yake ba. Ka kawo masa inji, kafin ya taɓa sai ya wanke ka tas. "Wa ya cusa mata barguna haka? Ce maka aka yi jaka ce?" In ya gama da kai kuma sai ya shiga tarihi, ka ƙi ka so. Wannan ta matar Fulgencio ce, an ba mijin a taron ma'aikata saboda ya fi kowa yankan rake, aka kawo ta gida da kiɗa. Waccan ta wanke kayan jego na rabin unguwar nan. Kofinka zai huce a hannu, shi bai kai rabin tsakar gida ba.

Abin da baƙo bai sani ba, 'yan Rashan nan duk fanko ne. Ƙananan inji biyu ne a cikin kowacce, ɗaya na juya wanki, ɗaya na matse ruwa. To mu nan da rana ke busar da zani kafin ka gama shanya na biyu, me za mu yi da na matsa? Shi kowa yake cirewa ya yi fanka, ko abin kankare kwakwa, ko na yankan makulli. Na juyi kuwa ba a taɓa shi, shi ne ran abin. Idan na juyin wata ya ƙone, wajen Onelio take zuwa, shi kuma ya farke ɗaya daga cikin nasa ya ba ta yana mita. Haka ya yi ta yi har ya wayi gari da gidan tarihi wanda babu abin da ke motsi a ciki.

Bara da zafi Casilda ta ƙarshen layi ta shigo masa, surukinta Lázaro na biye da ita yana tura injinta a baro, kansa a sunkuye. Mijinta Evelio ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance, komai a gado yake yi, kullum sai an sauya zani an sake sauyawa. Lázaro ya zo dubiya daga Bayamo, ya ga tsohon yana jiƙewa da gumi, ya ce bari ya haɗa masa fanka. Ya buɗe 'yar Rashar ya zare inji, ya jona waya ba daidai ba, abin ya yi hayaƙi ya mutu. Bai san Evelio ya cire na matsa tun yana da ƙafafunsa ba.

Onelio ya leƙa ciki, ya ɗago ya dubi Lázaro. "Kai ka yi wannan aikin?"

"Kawu, na ɗauka na matsa ne. Ai shi kowa yake cirewa."

"Nawa ka gani a ciki?"

"Ɗaya."

"Ka ga ɗaya, ka ce rara ne. Madalla. Allah ya sa ba kai za a ba aikin cire wa mutum ƙoda ba."

Mu da muke zaune muna jiran a fara wasan domino muka kwashe da dariya. Casilda ba ta yi ba. Ta miƙa masa hannuwanta, yatsun sun kumbura sun karkace, ko ƙulli ba sa iya yi. Ta ce, "Onelio, ka dubi nan. 'Yata Maritza, matar Lázaro, ta ce in ba zan iya wankin ba, ƙarshen mako za ta zo da mota ta kai ubanta gidan tsofaffi can Bayamo. Mutumin da ba ya karɓar cokali a hannun kowa sai nawa. In suka ɗauke shi ba zai kai Kirsimeti ba, ni na sani."

Dariya ta ɗauke. Onelio ya kwance injin da ya ƙone, ya shinshina, ya ajiye. Wayar ciki ta narke, kuma babu irinta a garin. Ya bi 'yan Rashansa yana ƙwanƙwasa kowacce duk da ya san amsar. Ya hau keke ya zaga wajen abokan sana'a har bakin ruwa, ya dawo da rigarsa jiƙe, hannu wofi. Kwana biyu bai yi wa kowa tarihi ba, kofi ma a tsaye yake sha. Casilda kuwa tana can tana tattaka zannuwa da ƙafa a cikin baho, ba sa fita.

Ana gobe Maritza za ta zo, ya aika a kira Casilda da Lázaro. Ya wuce da su cikin ɗaki, inda ba ya shiga da kowa, ni ma na bi bayansu ba a gayyace ni ba. A lungu akwai wani abu rufe da zanin tebur mai furanni. Ya yaye. 'Yar Rasha ce fes, babu tsatsa ko ɗigo, injinta biyu suna ciki. Ta matarsa ce, marigayiya Nereida.

Ya dafa murfinta. "Tun da muka binne ta ban jona ta ba. Lafiyarta ƙalau. Ƙarar ce ba na iya jurewa, ita take tuna mini." Ya ɗauki sukudireba, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu. "Ba zan farke ta ba. Ku ɗauke ta gaba ɗaya."

Casilda ta ja da baya. "A'a, ɗan'uwa. Ta Nereida ce."

"Da Nereida na nan ta ji zanin mara lafiya na jiran wanki ni kuma ina gadin inji, ni za ta fara jefawa a ciki. Lázaro, kama can. In kuma na ji ka kusance ta da wani ƙarfe, naka injin zan cire."

Shi da kansa ya jona ta a gidan Casilda, ya zuba ruwa, ya murɗa. Ta ɗauka da gurnani har tukwane na rawa a kan kantar madafa. Onelio ya fita waje ya dafa bango ya yi kuka, kuka sosai, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Mun gani da idonmu. Da ya share fuska ya koma ciki ya yi wa Casilda faɗa a kan ta cika sabulu.

Washegari Maritza ta iso ta tarar da igiya cike da fararen zannuwa, ubanta a kan busasshen gado an yi masa aski. Ita ma ba muguwa ba ce, hannun uwarta take tausayi. Ta zauna a bakin gadon ta daɗe, ta ci shinkafa da wake, da yamma ta koma Bayamo da mijinta kaɗai.

Onelio, kai ne mai zagi da baki kana gyara da hannu. Kai ne ka tara abin da kake so fiye da komai, sannan ka bi shi kana rabarwa guntu-guntu har bai rage maka ba sai ƙarfe da labari. Mata nawa ne a garin nan bayansu bai karye a kan baho ba saboda kai? Mun gode, tsoho. Na faɗa a gaban mutane don na san in na zo gida na faɗa, korata za ka yi. Ku kuma masu karatu, kowa akwai abin da ya rufe da zani a lungu yana tattali. Ku duba layinku da kyau, wataƙila akwai mai bukatarsa yau.

Evelio yana nan a ɗakinsa har yanzu, Casilda ke ba shi abinci. Jiya da muke taya Onelio tattara kayan aiki, na ga lungun nan wayam, na ce masa tunda zai huta, ko ya kamata a nemo wa Casilda wani inji a dawo masa da tasa.

Ya harare ni. "Casilda ta ce ranar da aikinta ya ƙare za ta turo mini ita da kanta. Ka san ranar da take nufi?"

Na ce na sani, ranar da Evelio ya bar duniya ke nan.

"To ta yi zamanta can. Ni ba na son in sake ganinta a gidan nan."