Bulus, da littafin da na ce shi ya ɗauke

Yau da safe 'yarsa ta kira ni. Bulus ya rasu. Tun lokacin na kasa tashi daga kujera.

Benci ɗaya muka zauna a sakandare a Kafanchan, tsakiyar shekarun saba'in. Akwai wani tsohon littafin labari na Turawa da aka sa mana a jarrabawar fita. Mutanen cikinsa duk ruɗin kansu suke yi. Wannan ya ɗauka ana sonsa, wancan yana jiran girman da ba zai zo ba, a ƙarshe kowa ya farga ba komai a hannunsa. Bulus yana jin tausayinsu. Ni dariya nake musu.

Saura mako biyu jarrabawa, littafina ya ɓace daga akwati. Bulus kaɗai ya san inda nake ɓoye makulli.

Ya ce mu riƙa karanta nasa tare. Na ƙi. A raina na ce kunya ce ta kama shi.

Ya ci jarrabawa. Na faɗi.

Ban taɓa tambayarsa ba, ido kawai na sa masa. Da babana ya kwanta asibiti, Bulus ya tuƙo keke tun daga Godogodo da doya a baya, na ce laifinsa yake wankewa. Cittar Kachia da yake aiko mini kowace Kirsimeti ma, sai in karɓa ina tunanin me yake nema.

Bara muka haɗu wajen wani biki a garin Gidan Waya. Ya rame, yana dogara sanda. Muna cikin cin tuwon acca ya kalle ni.

"Ishaya, ban ɗauki littafinka ba. Amma faɗa mini gaskiya, ka taɓa wuce babi na huɗu?"

Ban taɓa wucewa ba. Duk abin da na sani a littafin, a bakinsa na ji. Ɓatan littafin nan dai ya ba ni abin faɗa wa babana da na faɗi jarrabawa.

Na yi dariya, na canza magana. A mota ina komawa gida ma, zuciyata tana cewa, to in ba shi ba, wa? Na yi masa alkawarin zuwa bayan bikin Ista. Ban je ba.

Ubangiji Yesu ya karɓi bawansa, ya ta'azantar da matarsa Mama Rifkatu da yaran. Don Allah ku sa su a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara, don wanda ya kamata in roƙa, ranar Asabar za a binne shi.