Tawada a Rigar Surukin Ƙanwata

Akwai abin da ko yau na tuna shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma na san ba zai bar zuciyata ba har in koma ga Allah. A bikin ƙanwata ya faru, a Bawku, alƙalami ne kuma sanadi.

Alƙalamin na mahaifinmu ne, irin mai shan tawada daga kwalba. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon kayansa, shi kaɗai na roƙa. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Yendi, kuma da shi nake sa hannu a komai. Gaskiya har da 'yar yanga. Ina son in zaro shi a gaban mutane in ji an ce, "Madam, wannan ai na manya ne."

Sai ya fara yoyo. Da farko yatsuna yake ɓatawa, daga baya har cikin jaka. Da na kwance shi sai na ga inda matsalar take. A cikinsa akwai wani ɗan bututu da ake murzawa ya zuƙo tawada ya riƙe ta, masu shago na ce masa kwambata. Shi ne ya tsage a gefe, tsaga siririya kamar gashi.

Babu shagon littattafai a Yendi da ban leƙa ba. Wata mai shago ta jujjuya shi ta miƙo mini ta ce, "Madam, wa ke tambayar wannan yanzu? Ga biro nan, ɗauki ki huta." Na ba wani direba sautu zuwa Tamale, bututun da ya kawo bakinsa ya yi faɗi, ya ƙi zama. Da hutu ya zo na je Salaga wurin mahaifiyarmu, na nemi shagon da ta ce a nan Baba ya sayi alƙalamin, na tarar yanzu cajar waya ake sayarwa. Ta ce in adana shi a akwati in ƙyale shi haka. Ban ji ba. Na naɗe tsagar da zare, na shafe da jan farce. Yoyo ya tsaya, ni kuma na ɗauka na gama gyara.

Da bikin ya zo na cika shi fal da tawada na jefa a jaka. Muka bi ta Gushegu, zafi kamar a tanda, mota na ta jijjiga mu har Bawku.

Washegarin kai amarya aka taru a tsakar gidan ango, ƙarƙashin rumfa, don a sa hannu a takardar rajistar aure. Mahaifin ango ne zai fara. Dattijo ne mai kwarjini, yana cikin farar babbar riga ta shadda wadda aka ɗinka masa musamman don bikin. Biron da aka ba shi ya ƙi rubutu. Ana ta laluben aljihu, sai na yi zumbur na miƙe, ni da ya kamata in zauna can baya cikin mata in yi shiru.

Na rusuna na ce, "Baba, ga alƙalami."

Ya karɓa yana murmushi, ya zare murfin. Ashe tawadar duk ta zube ta taru a cikin murfin tun a hanya. Ta kwararo a ƙirjin rigar, ta bi aikin wuya, ta sauka a cinyarsa, ta fantsama a takardar.

Sai wata gwaggon ango ta ce, "To, dangin amarya sun kawo mana gara." Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka yi salati. Ni kuwa na ruɗe, na ciro hankici na kama goge masa riga, ina ƙara baza tawadar, na ma manta ƙirjin suruki nake taɓawa a gaban jama'a.

Ya ja baya kaɗan ya ce, "Bari, 'yata. Bari haka nan."

Ya tashi ya shige ɗakinsa. Na waiga na ga ƙanwata ta cusa kai cikin mayafi don kunya. Ban tsaya cin abinci ba, ban yi wa kowa sallama ba. Na ɗauki jakata sai tasha.

Daga nan na ɗauke ƙafa daga Bawku. Ƙanwata ta gaya mini a waya yaran gidan na kiranta ƙanwar mai tawada. Tana dariya take faɗa, amma na san abin na yi mata ciwo, ga ta baƙuwa a gidan, ga babu wani nata da ke leƙo ta. Duk sanda ta ce in zo sai in ce jarrabawa, ko in ce ba ni da lafiya. Har ta haihu, na fara shirya wani uzurin. Mahaifiyarmu ce ta tsawata mini.

Ta ce, "Kunyarki ta fi 'yar uwarki ne? Ki je. Kuma surukin nata ya aiko, ya ce ki taho da alƙalamin nan."

Na ce a raina shi ke nan, a taron suna za a sake tayar da maganar. Na sayi farar shadda na tafi.

Na same shi da hantsi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na tura shaddar gabansa, na fara ba da haƙuri.

Ya ce, "Madam, sai yau? Ɗauke shaddarki. Rigar nan an rina ta shuɗi, ita nake sawa Juma'a. Ina alƙalamin?"

Na miƙa masa. Ya kwance shi, ya ga zare da jan farce, ya yi dariya har da share hawaye. Sannan ya jawo wani tsohon gwangwanin alewa, ya ciro alƙalami irin nawa sak, sai dai bakinsa a karye. Ya ce da shi ya yi aikin akawu a Kulungugu yana saurayi, har ranar da alƙalamin ya faɗi a siminti, ya kuma kasa jefar da shi. Ya zare ɗan bututun cikinsa ya sa a nawa. Bututun ya zauna daram.

Ya ce, "Tun ranar nan na so in ba ki. Ina riƙe alƙalamin na gane irinsa. Na shiga in canza riga in ɗauko miki wannan, ina fitowa aka ce kin tafi."

Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta ranar bikin. Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi, sannan ya ce in tashi in je in ga ɗana.

Abin da na koya shi ne, kuskure a gaban mutane ba ya kashe kowa, gudun da ake yi bayansa ne ke yin ɓarna. Na bar ƙanwata ita kaɗai a lokacin da ta fi bukatata, saboda tsoron mutumin da bai riƙe ni da komai ba sai alheri. Tun daga nan, idan na yi abin kunya, nakan tsaya a wurin in ji abin da za a ce mini.